Betty, Veronica da 'Yar Goggona a Kan Yashi

Duk wanda ya taso da karatun komik ɗin Archie, littattafan nan na labarin zane na Amurka, ya san akwai wani shafi da ba ya ƙarewa. Da hutun bazararsu ya zo, sai a kwashi yaran garin Riverdale kaf a zube su a bakin teku, a kafa raga a kan yashi, a ce za a buga ƙwallo. Daga nan kowa ya san abin da zai biyo baya. Reggie zai daka tsalle ya maka ƙwallon da iya ƙarfinsa, ba don neman maki ba, sai don ta sauka a ƙeyar Archie 'yan mata su yi dariya. Shi kuwa Archie dama hankalinsa ba ya wurin, ya saki baki yana kallon wata baƙuwa da ta gifta. Betty ce kaɗai ta zo wasa da gaske, ta iya tsalle, ta iya zubewa ƙasa ta tare ƙwallo. Veronica tana tsaye tana gyara tabarau, tsoronta kada farce ya karye, amma in aka tashi ita Archie zai bi yana riƙe mata laima. Jughead na can a inuwa da burodi da nama a hannu, ko ƙwallon ta nufo shi abincinsa yake karewa, ba kansa ba. Shafi biyar ko shida labari ya ƙare, wani ya sha kunya, a buɗe na gaba kowa ya manta.

Mu da muke karanta wannan a Gombe ba mu taɓa ganin teku ba. Daga nan zuwa Legas tafiyar sama da kilomita 1,000 ce, ruwa mafi girma da muka sani shi ne na madatsar Dadin Kowa, shi ma sai ranar da aka ga dama aka je da mu. Littattafan kuwa Hamma ne, babban wanmu, yake zuwa da su daga Jos lokacin da yake karatu a can, a farkon shekarun 1990. Wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa yake tsinto su, a wajajen Taminus, da canjin da ya rage masa na kuɗin mota. Ba manyan nan masu faɗi ba ne, ƙananan ne masu kauri da ke shiga aljihun kaftani, irin waɗanda kamfanin Archie ya fara bugawa a 1973, ake jera su kusa da wurin biyan kuɗi a manyan kantunan Amurka. Yawancin abin da ke ciki tsofaffin labarai ne aka sake bugawa. Shi ya sa muna zaune a tsakar gida a Tudun Wada muna karanta samartakar shekarun 1960, da motocinta da ɗinkunanta, muna zaton yayin da ake yi ke nan a can. Wasu sun zo ba bango, wasu da tabon shayi, wasu da sunan wata yarinya da ba mu iya furtawa ba a rubuce a shafin farko.

Shafukan bakin tekun nan su ne fitina. Baba bai hana karatun Turanci ba, shi ne ma mai cewa duk takardar da ka gani ka karanta. Amma da zai ci karo da 'yan mata cikin kayan wanka, to ranar littafin ya gama yawo, a murhun Inna zai kwana. Sai Hamma ya samo dabara. Kafin ya sakar mana littafi, sai ya zauna da shuɗin biro ya ɗinka wa Betty da Veronica sutura. Zani yake zana musu daga ƙugu har idon sawu, ya cike shi da layi-layi da ɗigo-ɗigo, sannan ya ɗora riga mai hannu. In yana cikin nishaɗi har ɗankwali yake kafa wa Veronica, da ɗan kunne a gefe irin ɗaurin matan Jekadafari ranar biki. Takardar ba ta da kauri, irin ta jarida ce, sai tawadar ta huda ta fito ta baya, ka ga shugaban makarantarsu, Mista Weatherbee, da shuɗin tabo a tsakiyar sanƙonsa yana yi wa Archie faɗa. Ni haka na san Betty: ta yi sama ta wuce raga, da zanin atamfar biro.

Hamma ya riga mu gane abin da ake sayarwa. Ragar nan hujja ce kawai. Mutumin da ya fi kowa zana 'yan matan biyu, Dan DeCarlo, wanda ya shafe wajen shekara 40 yana wannan aiki tun daga ƙarshen shekarun 1950, kafin nan har zanen mata masu ƙira yake yi wa wasu mujallun barkwanci na manya. Hannunsa ya riga ya saba. Sai dai lokacin akwai takunkumi. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya tayar da ƙura cewa komik na lalata tarbiyyar yara, har wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya yi zama a kai. Masu buga littattafan suka tsorata, suka kafa wa kansu hukumar tacewa, duk littafin da ya tsallake sai a buga masa hatimi a kusurwar bango. Dokokinta sun hana tsiraici, sun kuma ce a zana mace yadda take ba tare da an zuzuta surarta ba. Ɗaya daga cikin masu kamfanin Archie ɗin ma, John Goldwater, shi ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar da ke riƙe da hukumar. To mai zane yana neman inda zai rage wa 'yan mata kaya ba tare da ya taka doka ba, ina ya fi bakin teku? A miƙa musu ƙwallo su yi ta tsalle, an sami dalili. Har fitowa ta musamman suke yi ta hutun bazara. Su da hukumarsu, mu da Hamma da bironsa. Tasu ta watse a 2011, lokacin da kamfanin Archie, wanda yake cikin na ƙarshe da suka rage, ya daina saka hatimin.

Labarin kansa tsoho ne tukuf. Archie ya fara fitowa ne a lamba ta 22 ta mujallar Pep Comics, mai ɗauke da watan Disamba 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, da zanen wani saurayi, Bob Montana. Betty tana cikin wannan labarin na farko, sabuwar maƙwabciya ce da Archie yake neman burgewa. Watanni kaɗan bayan haka, a 1942, Veronica ta dira, 'yar attajiri mai baƙin gashi, Reggie ma a shekarar ya shigo. Abin ya karɓu har kamfanin, wanda da sunansa MLJ, ya koma amsa sunan Archie a 1946, a 1950 kuma aka ware wa 'yan matan biyu mujallarsu ta kansu. Yau sama da shekara 80 ke nan, har yanzu ba su gama sakandare ba, shi kuma bai zaɓa ba.

Goggo, ƙanwar Baba da ke aure a Bolari, ita ta fara warware wannan matsalar. Ba ta yi boko ba, amma tana son kallon hotuna, in ta zo gidanmu sai ta sa mu riƙa yi mata bayani shafi-shafi. Ran nan ta saurara har ƙarshe, ta tauna goronta, ta ce, "To shi wannan mai jan kan, me ya hana ya haɗa su duka biyun ya huta? Uban waccan ba mai kuɗi ba ne? Ai shi zai ma yi masa ginin."

Muka ce, "Goggo, su can doka ta hana."

Ta ce, "Ah to. Shi ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa."

A 2009 kamfanin ya gwada bin shawararta ta bayan gida. Daga lamba ta 600 aka yi fitowa uku Archie ya auri Veronica, aka sake yin uku ya auri Betty, amma kowanne a matsayin rayuwar da yake hangowa, ba wadda ta faru ba. Da aka gama aka mayar da shi aji.

Lokacin da muke yara muna karanta littattafan soyayya na Kano ma, su kuma a ɓoye cikin littafin lissafi, saboda haka muna da abin kwatantawa. A can in mata biyu suka haɗu a kan namiji ɗaya, sai an kai ga boka, ko yaji, ko takardar saki, ko asibiti. Kishi kumallon mata, in ji masu magana, kuma marubutanmu ba sa barin sa ya kwanta sai ya yi ɓarna. A Riverdale kuwa iyakar mugunta ita ce a zuba wa wata yashi a gashi, ko a aika ta wani wurin da ƙarya don a samu a keɓe da saurayin. Da daddare kuma ka gan su a ɗaki ɗaya suna gwada kaya, aminai ne na ƙut da ƙut. In wata ta uku ta kutso, irin Cheryl Blossom mai jan gashi da aka shigo da ita a 1982, nan take za su haɗa kai su kore ta, sannan su koma faɗansu. Shi kansa Archie in ka dube shi da kyau bai kai a yi faɗa a kansa ba: ga rashin kai, ga tsohuwar mota da kullum sai an tura, ga aljihu a bushe. Kuma in ka sa yatsa ka rufe gashin Betty da na Veronica a zanen DeCarlo, da wuya ka bambanta su, fuska ɗaya ce. Abin da ake gwabzawa hali ne da hali, mai haƙuri da 'yar gata. Betty ta toya masa kek, ta taya shi aikin gida, har motar take gyara masa, Veronica ta ɗaga waya sau ɗaya ya bar ta tsaye da sifana a hannu. Wannan ya riƙa ba ni haushi ƙwarai, har yau kuma ina ganin ba ƙaramar muguwar koyarwa ba ce a nuna wa yarinya cewa wahala tata ce, lada na wata.

Amma akwai abin da ya sa haushin ba ya daɗewa. Mutanen Riverdale ba su da jiya. Duk abin da Veronica ta yi wa Betty a shafi na 20, a shafi na 27 babu shi, ba a yi sulhu ba, ba a kira manya ba, an dai fara sabon labari. Ƙarya ce, babu garin da ake haka, amma daɗin littafin ke nan gaba ɗaya.

A gidanmu kowa ya kama ɓangare. Ni ta Betty ce. 'Yar Goggo kuwa, wadda tsakanin haihuwata da tata bai kai wata biyu ba, ba kunya ba tsoron Allah ta ce ita Veronica ce, kuma tana da hujja: babanta dillalin auduga da wake ne, yana da Fijo 504, takalmin Sallarta daga Kano ake sayo shi. Ajinmu ɗaya a boko, ajinmu ɗaya a Islamiyya. In na zo ta uku ta zo ta biyar, sai ta bi ta kan hadda ta rama. In kitsona ya fi nata, lallenta sai ya fi nawa kamawa, ko da za ta kwana da leda a ƙafa. Ga shi mu taubasai ne, muna da lasin. Za ta kira ni baiwarta a gaban Baba, in ce mata kwaɗayayya 'yar masu awo, ba wanda zai ɗaga kai. Duk watan cika-ciki sai an yi musun wa zai biya wa kuɗin shara. Manya sun san inda iyakar take, mu ma mun sani, duk da ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana.

Sai 1996 ta zo. Wanda ya yi wayo a lokacin ba zai manta gasar Olamfik ta Atlanta ba: Kanu ya farke ya kuma ci Birazil aka tashi 4 da 3, aka doke Ajantina 3 da 2 a wasan ƙarshe, Chioma Ajunwa ta ɗauko zinare a dogon tsalle. Tudun Wada ba a yi barci ba. A wannan gasar ce kuma aka fara raba lambobin yabo a ƙwallon raga na yashi, 'yan Amurka Karch Kiraly da Kent Steffes suka ci na maza, 'yan Birazil Jackie Silva da Sandra Pires suka ci na mata. Wa ya kula? Hamma kaɗai, shi ma don ya taɓa buga ƙwallon raga a makaranta. Shi ya zo yana ce mana wasan nan na littafinku fa na gaske ne, kuma ba yadda suke zana shi ake yi ba.

Gaskiyarsa. Ƙwallon raga wani malamin motsa jiki ne, William Morgan, ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Holyoke na jihar Masacusets, yana nemar wa magidanta wasan da bai kai ƙwallon kwando gurnani da ture-ture ba. Abin dariya, a wannan jihar dai Bob Montana ya yi sakandare, a Haverhill, garin da ake cewa daga shi ya ɗebo kamannin Riverdale. Daga baya wasan ya fita bakin teku, da farko a Hawai, sannan a Santa Monika ta Kalifoniya a shekarun 1920, a can ne ya rikiɗe ya koma na mutum biyu-biyu. Yadda ake yin sa yanzu, filin mita 16 ne a tsaye, 8 a kwance, ragar maza tsayinta mita 2.43, ta mata 2.24, zurfin yashin kuma bai gaza santimita 40 ba. Ana zuwa maki 21, in an yi kunnen doki a zagaye biyu na uku ya tsaya a 15, kuma duk bayan maki bakwai (biyar a zagaye na uku) sai a sauya gefe don kada rana da iska su cuci ɓangare ɗaya. Babu ɗan canji. In abokinka ya gaji, da gajiyarsa za ku ƙarasa. Taɓawa uku gare ku kafin ƙwallon ta tsallaka, kuma ba ka da ikon taɓa ta sau biyu a jere. A littafinmu kuwa sai ka ga mutum bakwai a gefe guda, uku a ɗayan, kare na ratsawa ta tsakiya.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Abacha ya yanke mu daga Bauchi, Gombe ta zama jiha. Kafin ka ce kwabo gari ya rikice da gine-gine, ma'aikata na dawowa daga Bauchi suna neman haya, duk mai fili ya tashi. Mijin Goggo yana da wani kangon fili da ya kewaye a bayan layinmu, ya sa tifa ta yi ta juye masa yashi, sai kuɗin siminti suka maƙale a hannun wani da ya karɓi wakensa bashi. Yashin nan ya zauna, yara suka yi ta hawa suna gangarowa har ya baje. Samarin unguwa suna da kwari, can suke zuwa da rani su buga abin da suka ga dama a kan yashin da ruwan damina ya bari, mu kuwa ko hanyar ba a bari mu bi. Wannan kangon, mai katanga da ƙofar langa-langa, shi ya zama tekunmu a hutun Disamba.

Hamma ya ninka wani tsohon gidan sauro gida huɗu, ya zura masa igiyar guga, ya ɗaure gefe ɗaya a jikin darbejiya, ɗayan a azarar da ya kafa. Ƙwallon ta ƙafa ce, ya ɗan sace mata iska don ta yi laushi. Mu huɗu ne: ni, da 'yar Goggo, da wasu 'yan mata biyu wa da ƙanwa, 'ya'yan maƙwabcinmu ma'aikacin jirgin ƙasa. Babbar tana makarantar kwana, tana bugawa a can. Suka ce su ba mai raba su. Ka ga an bar ni da baiwata ke nan a gefe ɗaya.

Ranakun farko mun sha kashi. Duk wadda ƙwallon ta zo wa a cikinmu sai ta dunƙule hannu ta mayar da ita tsallake a bugu ɗaya, don dai kada a ce ta miƙa wa ɗayar. Su kuwa 'yan gidan jirgi sai su karɓa a natse, ƙanwar ta ɗaga, yayar ta dankara mana a tsakiya, inda kowace ke jiran ɗayar ta je. Hamma na zaune a kan bulo yana alƙalanci da murfin biro a baki. Da abin ya ishe shi ya ce, "Ku biyun nan, ko ku ba juna ko ku fita ku ba yara wuri. Ni ban ɗaura raga don kallon gaba ba."

'Yar Goggo ta ce, "Hamma, ita ce fa ba ta iya ba."

Ya ce, "Ke kin iya? To ɗaga mata mu gani."

Gajeriya ce, amma tana da yatsu, duk unguwar ba mai cin ta a carafke. Ni kuma doguwa ce, tun ina aji uku ake ce mini falwaya. Tsalle a yashi ba irin na ƙasa ba ne, ƙafa nutsewa take yi kamar ta mai taka kwaɓin ginin ƙasa, sai ka yi da gaske kafin ka ɗaga. Yayar nan ta bugo, na tare da damatsa, ƙwallon ta yi sama a karkace. 'Yar Goggo ta ruga ta shiga ƙarƙashinta, mayafi ɗaure a ƙugu, zani a kan wando, ta tura ta sama da yatsu goma daidai bakin gidan sauron, tana ihu, "Ga ta nan, baiwa, in kin isa!" Na tashi na sauke mata tafin hannu. Ta faɗi a bayan ƙanwar, ƙura ta tashi. Kafin in sauko 'yar Goggo ta riga ta juya wajen Hamma tana cewa a rubuta makin da sunanta, ai ita ta dafa, ni zubawa kawai na yi.

Haka muka ci gaba har hutun ya ƙare, kullum bayan la'asar in yashin ya huce, sai kiran magariba ya tashe mu. Zagin bai ragu ba ko kaɗan, ƙaruwa ma ya yi, sai dai yanzu da ƙwallo yake tafe. Hannuwanmu suka yi jawur sannan suka yi baƙi, hunturu ya farfasa mana dugadugai, Inna ta yi ta mitar yashi a kan katifa da cikin kitso. Hamma ya koya mana abin da ya gani a talabijin: wadda ke gaban raga takan mayar da hannu bayanta ta yi wa abokiyarta alama da yatsu, ɗaya in za ta tare miƙaƙƙen bugu, biyu in za ta tare na karkace, ta bayan sai ta rufe inda aka bari. Wato sai ka juya wa mutum baya, ka faɗa masa sirrinka, ka kuma yarda zai je inda ya kamata. 'Yar Goggo takan yi mini alamar da hannun dama, ta yi mini daƙuwa da na hagu.

Wannan labarin ne ban samu ba a cikin duk littattafan da suka zo hannuna. Masu zanen suna da kishiyoyi biyu da suka fi kowa suna a duniyar komik, suna da wasan da dokarsa ta tilasta maka ka miƙa wa na kusa da kai, amma sai su raba su da raga, ko su mayar da ƙwallon abin jifa. A ce an sa Veronica dole ta ɗaga wa Betty, da farcen nata da komai, a ga yadda fuskarta za ta yi in Betty ta ci, sannan a ga yadda za ta karɓe yabon. Shafi shida sun isa. Amma idon mai zanen yana wani wurin.

Maganar sutura ma ashe ba a kangonmu kaɗai ta tsaya ba. Hukumar ƙwallon raga ta duniya ta daɗe tana tilasta wa mata 'yan wasan yashi saka kayan wanka, sai a 2012 ta sassauta, ta yarda da gajeren wando da riga mai hannu, saboda ƙasashen da al'adarsu ko addininsu bai yarda da wancan ba. A gasar Olamfik ta Riyo a 2016 'yar Masar Doaa Elghobashy ta fito da hijabi da dogon wando da riga mai dogon hannu, ita da abokiyarta Nada Meawad, suka kara da Jamusawa Laura Ludwig da Kira Walkenhorst, waɗanda daga baya su suka ɗauki zinaren. Masar ta sha kashi, amma hoton nan na mata biyu a bakin raga, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe, duka sun miƙa hannu ga ƙwallo ɗaya, ya zaga duniya. Na tura wa Hamma shi a WhatsApp ba tare da na rubuta komai ba. Ya amsa da cewa a biya shi kuɗin ɗinki.

A 2017 aka mayar da Riverdale shirin talabijin, ya yi ta gudana har 2023. Na zauna zan kalla da babbar 'yata, sai na tarar da gawar ɗalibi aka buɗe labarin, kowa na da mugun sirri, kowa fuska a murtuke. Na kashe. Sun ba mutanen garin jiya, kuma da jiyan ta shigo barkwancin ya fita. Ina koyarwa a wata sakandaren 'yan mata, ina ganin irin wannan kullum. Gasar da ke tsakanin ɗalibaina ba ta fi tamu zafi ba, a kan abubuwan nan ne dai, matsayi a aji, da ɗinkin Sallah, da wa ya gaishe da wa. Bambancin shi ne tasu ba ta gogewa. Habaicin da aka saka a waya da daddare, kafin safiya an ɗauki hotonsa an raba wa aji uku, bayan wata shida a sake tono shi. Sau da yawa kuma har iyaye mata sun shiga. A bayan azuzuwanmu akwai ƙarafan raga biyu a tsaye tun kafin in zo makarantar, ragar ce babu, ɗalibai shanya suke yi a tsakaninsu. Zangon da ya wuce na sayo raga da kuɗina, na kuma karɓi aikin raba 'yan wasa da kaina. Duk biyun da na san ba sa ga-maciji, gefe ɗaya nake tura su. Wasu sun shirya, wasu har yanzu bugu ɗaya suke mayar da ita.

Kangon mijin Goggo yanzu gida ne mai hawa ɗaya, an shafe tsakar gidan da siminti. 'Yar Goggo tana aure a Bauchi, 'ya'yanta biyar, tana sayar da atamfa da leshi ta waya. Da na ba ta labarin ragar da na saya, ta ce in Allah ya kai mu hutun Babbar Sallah za ta zo da 'yan matanta biyu, in fito da nawa, a nemi yashi ko na tifa ne. Na ce to ni da ke fa, gefe ɗaya ko kuwa?

Ta ce, "Gefe ɗaya mana, wa zai ɗaga miki in ba ni ba? Ke dai ki tanadi man zafi, don na ji an ce gwiwar taki ta fara ƙara."